Daga Totuwar Masara da Buntun Shinkafa Zuwa Ma'ajin Lantarki: Yadda Aikin Yake da Inda Wahalarsa Take

Duk wanda fankar ɗakinsa ta taɓa yin nauyi, ta koma ba ta tashi sai an tura ta da hannu, ya san ɗan baƙin abin nan mai wayoyi biyu da masu gyara a kewayen kasuwar Taminus a Jos ke kira kafasita. Mai gyara yakan cire wadda ta mutu ya ɗaura sabuwa, nan take fanka ta dawo da ƙarfinta. Aikin kafasita shi ne ta karɓi cajin lantarki ta riƙe shi na ɗan lokaci, sannan ta sake shi cikin ƙiftawar ido, amma abin da take iya riƙewa kaɗan ne ƙwarai, domin ta fanka ba ta cika wuce maikirofarad biyu ko uku ba, maikirofarad kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na farad, ma'aunin riƙe caji. Tana da wata babbar 'yar'uwa da ake kira sufakafasita, wadda guda ɗaya mai girman gwangwanin lemo ke kai farad 3,000, wato ta ninka ta fanka sama da sau biliyan ɗaya a ma'aunin riƙe caji. Abin da ke cikin wannan gwangwani, wanda ya ba shi wannan ƙarfi, gawayi ne, kuma kaso mai yawa na gawayin da masana'antun duniya ke zubawa a ciki daga ƙoƙon kwakwa ake yin sa.

Idan kuwa ƙoƙon kwakwa, wanda shi ma saura ne da ake yarwa a Filifin da Indonesiya da Siri Lanka, zai iya zama zuciyar na'urar lantarki, to mutumin Filato yana da hujjar tambaya game da totuwar da ke taruwa tsibi-tsibi a Mangu bayan casar masara, da buntun da ke ci da wuta a hankali a bayan injinan shinkafa a yankin Shendam, da ɓawon gyaɗar da iska ke watsawa a bakin kasuwannin hatsi. Amsar ita ce dukkansu suna iya zama irin wannan gawayi, an ma riga an gwada su a ɗakunan bincike na ƙasashe da dama. Sai dai a ganina, samun sharar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin baki ɗaya, kuma yawan murnar da ake yi da cewa kayan a banza muke samun su shi ne ke ɗauke hankalinmu daga inda gizo ke saƙar.

Batir, ko na mota ko na waya, yana ajiye ƙarfi ne ta hanyar canjin da sinadaran cikinsa ke yi: a lokacin caji su rikiɗe zuwa wata kama, a lokacin amfani su koma yadda suke. Wannan rikiɗa tana cin lokaci, kuma kowane zagaye yana barin ɗan lahani, shi ya sa batirin inbata ke gajiya bayan 'yan shekaru. Sufakafasita ba ta bin wannan hanya. A cikinta akwai faifai biyu na gawayi, waɗanda ake kira ilektirod, an raba su da siririyar takarda, an jiƙa su da ruwan gishiri na musamman, kwatankwacin abin da muke ce wa ruwan batir. Gishirin da ya narke yana rabuwa zuwa ƙwayoyi masu ɗauke da caji, ana kiran su ayon. Da zarar an jona wuta, masu caji iri ɗaya su nufi wannan faifai, masu ɗaya irin su nufi wancan, su jeru a jikin gawayin su kwanta, ba tare da sun shiga cikin ƙwayarsa ko sun canza shi ba. Idan aka buƙaci wutar, sai su tashi su watse. Bajamushen masani Hermann von Helmholtz ya bayyana wannan jeruwa ta caji a fuskar da ƙarfe ya haɗu da ruwa tun a 1853. Wani injiniyan kamfanin General Electric mai suna Becker ya yi rajistar na'ura mai ilektirod na gawayi a 1957, kamfanin mai na Standard Oil da ke Ohayo ya biyo baya da tasa a 1966, sannan kamfanin NEC na Japan ya fito da ita kasuwa a 1978.

Saboda babu abin da ke rikiɗa a cikinta, tana cika cikin daƙiƙu, tana iya juye abin da ta ɗauka a lokaci guda, kuma tana jure caji da saukewa sau dubu ɗari biyar har zuwa miliyan ɗaya. Rauninta shi ne ƙarancin abin da take ɗauka. Gwangwanin nan mai farad 3,000, wanda nauyinsa ya kai kusan rabin kilo, a kan bolt 2.7 yana riƙe wat-awa 3 ne kacal a ma'aunin ƙarfin da aka ajiye, alhali batirin wayar da ke aljihun mai karatu yana riƙe kusan wat-awa 15. Ke nan sai an haɗa gwangwani biyar, kilo biyu da rabi, kafin a kamo batirin waya ɗaya. Duk wanda ya ce gawayin totuwa zai maye gurbin batirin sola ya kwana yana haska gida, bai faɗi gaskiya ba. Wurin da take da amfani shi ne inda ake son ƙarfi mai yawa na ɗan lokaci, ko inda ake caji da saukewa ba ƙaƙƙautawa. Motocin safa a Shanghai sun fara aiki da ita a 2006, suna shan caji a tasha yayin da fasinja ke hawa da sauka, ana kuma sa ta a injinan samar da wuta daga iska don juya fukafukansu idan wuta ta yanke, har ma da ƙofofin gaggawa na jirgin Airbus A380.

Tun da a fuskar gawayin kawai cajin ke kwanciya, yawan abin da za a ajiye ya dogara ne ga faɗin wannan fuska. Abin ya yi kama da masu kasa kaya a kasuwa, waɗanda ba sa zama sai a bakin hanya: fili komai girmansa, idan hanya ɗaya ce ta ratsa shi, mutane kaɗan ne za su sami wuri, amma idan aka yanka shi layi-layi da lungu-lungu, sai ya ɗauki dubbai. Gawayin girki da ake sayarwa a buhu fili ne da ba a yanka ba, ƙofofinsa kaɗan ne, mafi yawansu kuma kwalta da ta fito daga itacen ta toshe su. Gawayin da aka buɗe wa ƙofofi kuwa, giram ɗaya yana da faɗin fuska daga murabba'in mita 1,000 zuwa 3,000. Wanda kamfanin Kuraray na Japan ke yi da ƙoƙon kwakwa, mai suna YP-50F, wanda masu bincike ke ɗauka a matsayin ma'auni, yana da kimanin 1,600. Giram biyar nasa, da za a iya shimfiɗa duk bangon lungunansa, zai rufe filin ƙwallo na Rwang Pam da ke Jos har ya yi saura.

Matakin farko na aikin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin masu yin gawayi a daji, suna jera itace su rufe shi da ciyawa da ƙasa don ya dahu ba tare da ya cinye ya zama toka ba. A ɗakin bincike ana wanke sharar, a busar, a niƙa, a sa ta a tanderu mai kama da bututu, a riƙa hura iskar naitirojin a ciki don ta kori iskar da ke ciyar da wuta, sannan a ɗaga zafin a hankali zuwa digiri 400 ko 600 a ma'aunin Salshiyos. Ruwa da hayaƙi da kwalta su fice, abin da ya rage shi ne kabon, kusan kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na nauyin busasshiyar sharar.

Mataki na biyu, wato buɗe ƙofofin, shi ne ƙashin bayan sana'ar. Hanya ɗaya ita ce a bi ta kan gawayin da tururin ruwa ko iskar kabon dayoksaid a zafin digiri 800 zuwa 1,000, su riƙa cin jikinsa kaɗan-kaɗan suna barin ramuka. Wannan ita ce hanyar da masana'antun kwakwa suka fi bi, domin ba ta barin wani sinadari da za a sha wahalar wankewa. Ɗaya hanyar, wadda masu bincike suka fi so saboda tana ba da manyan lambobi, ita ce a cakuɗa gawayin da fotasiyam haidiroksaid, wanda ake taƙaitawa KOH, ɗan'uwan sodar da ake yin sabulu da ita, wani lokaci har ninki uku ko huɗu na nauyin gawayin, a kai shi digiri 700 zuwa 900. A wannan zafi sinadarin yana narkewa ya shiga ko'ina, ya ci kabon, ya haifar da iskar haidirojin da gishirin fotasiyam kabonet, har ma da tsurar ƙarfen fotasiyam, wanda ke zama tururi idan zafi ya haura kusan digiri 760, ya kutsa tsakanin shimfiɗun kabon ya buɗa su kamar yadda jijiyar itace ke tsaga dutse. Bayan an huce sai a wanke da ruwan asid da tataccen ruwa, a maimaita har sai an fitar da komai, ramukan da sinadarin ya zauna a ciki su zama lungunan da ake nema.

Wannan hanya tana da tsada da haɗari waɗanda ba a cika faɗa ba. KOH yana ƙona fata, yana cin jikin tanderu, tururin fotasiyam yana kamawa da wuta idan ya haɗu da danshi, kuma ruwan wankin, idan aka sake shi cikin rafi ba tare da an kashe kaifinsa ba, ɓarnarsa ta fi ta hayaƙin buntun da aka ce ana so a magance. Gawayin da zai rage a ƙarshe kuma ya ragu sosai, domin buɗe ƙofa ƙone wani sashe ne na kayan. A nan akwai abin da ya daɗe yana ja mini hankali. Iyayenmu mata sun daɗe suna tace tokar kara su sami ruwan toka, su sa a miya ko su dafa sabulu da shi, kuma abin da ke ba wannan ruwa kaifinsa shi ne fotasiyam kabonet, wanda shi kansa yana cikin sinadaran da masana ke buɗe gawayi da su, ya kuma fi KOH sauƙin hali ga mutum da tanderu. Masu bincike na Jami'ar Piritoriya ta Afirka ta Kudu tare da takwarorinsu 'yan Senegal sun buga aiki a 2019 a kan ɓawon gyaɗa, inda suka gwada gishirin fotasiyam iri-iri suka kwatanta sakamakonsu. Ruwan tokarmu ba tsantsa ba ne, yana ɗauke da wasu gishirin da sai an raba, amma tace shi aiki ne da ɗalibin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Jos zai iya sa wa hannu, kuma ya fi dacewa da halin da muke ciki fiye da dogaro ga sinadarin da ake saye da dala.

Yawan ƙofofi kaɗai ba ya wadatarwa, girmansu ma abin lura ne. An kasa su uku: waɗanda ba su kai nanomita 2 ba, waɗanda ke tsakanin 2 da 50, da waɗanda suka haura 50, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ƙananan su ne lungunan da ake kasa kaya, matsakaitan su ne layukan da ake bi a isa can, manyan kuma su ne titin da ke shigo da jama'a. Gawayin da lungu ne zalla yana iya nuna faɗin fuska mai ban mamaki a ma'auni, amma idan aka buƙaci wuta da sauri sai cunkoso ya hana ayon fita. An daɗe ana zaton cewa ƙofar da ba ta kai nanomita ɗaya ba asara ce, domin kowane ayon yana tafe ne da rigar ƙwayoyin ruwan da ya narke a ciki, har sai da ayarin Yury Gogotsi na Jami'ar Drexel a Amurka da Patrice Simon na Tulus a Faransa suka nuna a 2006 cewa ayon na iya rage wannan riga ya matsa ya shiga, kuma cajin da ake samu a kowane taki na fuska ƙaruwa yake yi a irin waɗannan ƙofofi. Abin nufi, ana auna ƙofar ne da girman ayon ɗin da zai shige ta, don haka ba a yanke wa gawayi hukunci sai an san ruwan da za a jiƙa shi da shi.

Kowace shara da halinta. Buntu, wanda ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shinkafar da ba a casa ba, yana ɗauke da silika mai yawa, wato sinadarin yashi, shi ya sa tokarsa take da yawa, dabbobi kuma ba sa son sa. Silika ba ta wuce da lantarki, dole a narkar da ita da soda a fitar, amma inda ta tashi yana barin matsakaitan ƙofofi, ita kanta kuma haja ce da masu siminti da masu gilashi ke buƙata. Totuwa tokarta kaɗan ce, jikinta kuma dama soso-soso ne. Ɓawon gyaɗa yana da sinadarin lignin mai yawa, wanda shi ne ke sa itace tauri, ya kuma bar gawayi mai auki. Sharar da ke da furotin, irin ta waken soya, tana barin ƙwayoyin naitirojin a jikin kabon, waɗanda ke sa gawayin shan ruwa da kyau, su ƙara masa ɗan caji.

Haɗa faifan kansa ba shi da wuyar bayani. A ɗakin bincike an saba ɗaukar kashi 80 na gawayin, kashi 10 na wani baƙin gari mai sauƙaƙa wucewar lantarki, da kashi 10 na danƙo mai riƙe su, a dama su kamar kunu, a shafa a kan soson nikel ko fallen alminiyam, a busar, a danne, a yanka, a rufe biyu a ɗan gwangwani mai kama da batirin agogo.

Wurin gwaji ne lambobi ke ruɗar mai karatu, wani lokaci har da mai binciken. Za a ji an ce gawayin kaza ya ba da farad 300 a kowane giram, alhali na kasuwa bai wuce kusan 100 ba, sai a ɗauka an ninka Japan sau uku. Amma sau da yawa lambar farko an same ta ne da faifai ɗaya tilo a cikin kofin gwaji, kuma idan aka haɗa biyu suka zama cikakkiyar na'ura aka raba da nauyinsu duka, abin da zai fito kashi ɗaya ne cikin huɗu. Sannan an auna ta ne a gishirin da aka narkar a ruwan sha, wanda ba ya jure abin da ya wuce kusan bolt ɗaya, domin a bolt 1.23 ruwa yana fara rabuwa zuwa iska, su kuwa na kasuwa da wani ruwa na daban suke aiki mai kai bolt 2.7. Ƙarfin da ake ajiyewa yana tafiya ne da bolt sau bolt, don haka wannan bambanci kaɗai ya haura ninki bakwai. Haka kuma shafen ɗakin bincike siriri ne, miligiram ɗaya ko biyu a murabba'in santimita, na masana'anta kuwa kusan goma ne, kuma abin da ya yi sauri a siririn shafe yakan yi nauyi a mai kauri. Gogotsi da Simon ɗin nan sun yi gargaɗi a 2011 cewa gawayin kusan kashi 30 ne kawai na nauyin cikakkiyar na'ura, kuma gawayin da aka cika yi wa ƙofofi yakan zama fayau, ya sha ruwa mai yawa, ya cika gwangwani ba tare da ya cika shi da caji ba.

Mutanen Jos sun san wani abu game da wannan daga tarihin kuza. Ƙasar da aka haƙo a Bukuru ko Barikin Ladi ba ta da farashi sai an wanke ta an raba ta da yashi, kuma mai saye tsabtarta yake aunawa. Masana'antar sufakafasita tana son gawayin da tokarsa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, ƙarfen da ke cikinsa kuma ɗan mitsitsi, domin ɓurɓushin ƙarfe yana sa na'ura ta riƙa zubar da cajinta ita kaɗai, ya haifar da iska a ciki, ya rage mata kwana. Mu kuwa a kan jar ƙasa da bakin kwalta muke shanya amfanin gona, jar ƙasa kuma ƙarfe ne ya ba ta launinta. Bayan tsabta akwai daidaito, wato buhun watan Janairu ya zama ɗaya da na watan Agusta, alhali irin masara da takin da aka zuba da ƙasar gonar duk suna canza abin da ke cikin totuwa. Tanderu kuma yana son sa'o'i na wuta ba yankewa, domin idan aka ɗauke ta a tsakiyar dahuwa, abin da zai fito ba irin na jiya ba ne.

Kada kuma a manta cewa a ƙasar Hausa abin da baƙo ke gani shara sau da yawa yana da mai shi. Harawa kuɗi ce a hannun mai kiwo, kara yana zama danga da makamashi, totuwa ita ce itacen girkin gidaje da yawa, masu kaji kuma, waɗanda Jos ke da su birjik, suna shimfiɗa buntu a ɗakunan kajinsu. Abin da aka kwashe daga gona ma ƙasa ce aka rage wa abinci. Don haka abin da ya dace a dogara da shi shi ne wanda ke taruwa da kansa a wuri ɗaya, a bakin injin casa, inda babu kuɗin bi gona-gona, kuma inda wani sashe nasa zai iya zama makamashin dafa sauran.

Ina ganin hanyar da ta fi kusa ita ce a fara da gawayin tace ruwa da na tace man girki, wanda ƙasar nan ke shigowa da shi daga waje, sharuɗɗansa kuma ba su kai na ilektirod tsanani ba, a koyi riƙe zafi da wanki da daidaito a can, sannan a hau zuwa na lantarki mai tsada. Cibiyoyin da za su iya ɗaukar nauyin awo suna nan: Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa a nan Jos, da Hukumar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Masana'antu da cibiyar kimiyya ta Sheda a Abuja. Masu buƙata ma ba su da nisa, kamar famfon sola da ke jan wuta mai yawa a lokacin tashi, da fitilun titi da ake caji kullum, da keken lantarki da zai riƙa hawa da gangara a tudun Jos, inda ƙarfin da birki ke zubarwa a gangare zai iya komawa ma'aji ya taimaka a hawa na gaba.

Gwajin da nake fatan gani shi ne a zaɓi injin shinkafa ɗaya, a ɗebi buntunsa a kaka uku a jere, a dafa shi da ƙa'ida ɗaya, a auna tokarsa da ƙarfensa kowane karo, a yi cikakkiyar na'ura mai faifai biyu da shafe mai kaurin na masana'anta, a ajiye ta gefe da gefe da wadda aka yi da gawayin kwakwa da aka sayo, a caje su sau 10,000 a ɗaki ɗaya, sannan a buga lambobin duka biyun tare da kilo nawa na buntu da sinadari da ruwa da wuta aka kashe kafin a sami kilo ɗaya na gawayin, har da na dahuwar da ta lalace.